Bayan shanyewar ɓarin jiki, yaushe zan koma sitiyari?

Direban Gujungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 5 ke nan da hawan jini ya kayar da ni a tasha, ɓarina na hagu ya shanye. Alhamdulillahi gashin da ake min a asibiti ya yi amfani, yanzu masallaci ma nake zuwa ba tare da sanda ba. Shekara 20 ina jigilar 'yan kasuwa daga ƙauyenmu a ƙasar Ringim, Gujungu ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis. Ga Golf ɗina nan a lulluɓe, har kaji sun fara ƙwai a ƙarƙashinta. Shekaranjiya na saci jiki na zagaya da ita filin firamare. Kuloci ya yi min nauyi, ƙafar na rawa, amma abin da ya ɗaure min kai, na gogi turken ragar ƙwallo ta hagu, kuma wallahi ban gan shi ba. Uwargida dai ta ɓoye makulli. Ina neman shawara.

Ma'aikaciyar gashi:
Baba sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ni turken nan ya fi ƙafar tayar min da hankali. Mai shanyewar hagu, ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarsa ne ya taɓu, kuma sau da yawa yakan daina lura da abin da ke hagunsa, ko rabin ganinsa ya ɗauke bai sani ba. A titinmu kuwa duk motar da ke tahowa ta hagunka za ta wuce. Ka je a auna faɗin ganinka, karanta haruffan allo kaɗai bai isa ba. In ka taɓa jijjiga irin ta farfaɗiya tun bayan ciwon, ka faɗa wa likita. A Ingila mai motar gida yakan jira aƙalla wata 1, direban bas shekara 1. Kai kuwa rayuka kake ɗauka.

Na Taura:
Maigida, yayana ya sha irin wannan. Atomatik ya koma, ƙafar hagu ta huta. Sai da likita ya yarda, sannan ya fara a fili da ɗansa a gefe, daga baya hanyar burji da sassafe. Har yau ba ya tuƙin dare. Kafin nan ba wa yaro amintacce motar ya riƙa kawo maka balas, kar ajiya ta cinye ta. Maganin hawan jinin kuma kar ka yi wasa da shi.

Direban Gujungu:
Na gode. Da kika faɗi haka na tuna, ko tuwo sai an juya min kwano nake ganin sauran. Litinin zan shiga Kano in sha Allahu, ƙanena ne zai ja.