Yaɗiya a tukunya: yaya kuke sarrafa ta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Rani ya yi nisa, ganye ya yi wuya, amma yaɗiyar da ta nannaɗe dannin bayan gidanmu tana nan shar da ita, har da furanni. Na dafa ta, sai ta zo da ɗaci da tauri. Waɗanda suka saba cin ta, don Allah ku faɗa mana yadda kuke yi.

Uwargida: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, daga wajen tsinka ake samun matsala. Tsohon ganyen da ya yi kauri ba na tukunya ba ne, na awaki ne. Ni kan bi kan reshe in tsinki toho da ƙananan ganye, furen ma ina haɗawa, don yana da ƙamshi kuma ba ya ɗaci. In ta tafasa sai in zubar da ruwan farko, in sake sabo da 'yar kanwa kaɗan. Kanwar in ta yi yawa ganyen zai narke ya koma kamar miya. Daga nan a tsame, a matse sosai, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, albasa, barkono da gishiri. Yarana da ba sa son ganye, wannan kam suna neman ƙari.

Dattijo: 'Yata, wannan tsiro mun san darajarsa. A farin 1984 gero bai yi ba, tafasa da rama suka bushe tun da wuri, yaɗiya ce ta rage kore a daji. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan cuɗa ta da ɗan tsakin da ya samu ta turara mana dambu, ganyen ya fi hatsin yawa. Abin da ke ɓata mini rai yanzu shi ne masu tumɓuke ta da saiwa wajen sharar gona. Ita ba shekara-shekara take mutuwa ba. Saiwarta na nan a ƙasa, ka yanke reshe ta sake tohowa. Me zai sa a kashe ta?

Makiyayi: Gaskiya ne, Baba. Raƙuma da awaki ma da ita suke rage zafin bazara.

Ɗalibar ilimin tsirrai: Sunanta a kimiyyance Leptadenia hastata, ana samun ta tun daga Senegal har Habasha. Danginsu ɗaya da tumfafiya, shi ya sa 'ya'yanta in sun bushe suke tsagewa, iri mai gashi kamar auduga ya bi iska. Amma a yi hattara da fataka, wadda majema ke cire gashin fata da ita. Ita ma tana nannaɗe itace, tana kuma da guba. Da na fita da ƙannena tsinka, abin da na fara nuna musu shi ne su karya reshe su duba: ruwan fataka fari ne tas mai kauri, ganyenta kuma na da gashi, ruwan yaɗiya kuwa tsararo ne mai ɗan danƙo.

Uwargida: Na manta, tana shanyuwa. A inuwa nake baza ta, rana na ƙona launin. In za a dafa busasshiya sai a fara jiƙa ta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Hajiya, kanwar tun a ruwan farko za a iya sa ta, ko sai na biyun?