Harbin baka don nishaɗi: ku ma haka ake kallonku a wajen aiki?

Ɗan_Fagge:
Slm 'yan uwa. Kwanan nan na fara koyon harbin kibiya, baka irin na gargajiya wanda ba na'urar saiti a jiki, ranar Asabar nake zuwa bayan gari in jingina buhun yashi in ta harbi. To tunda abokan aikina suka gani a sitatus shikenan na shiga uku, wani ya ce Sarkin Baka, wani ya ce yaushe zan kawo musu naman zomo, oga ma da kansa ya ja ni gefe wai ko na shiga 'yan tauri ne. Abin da ya fi ba ni haushi, mutanen nan da ke dariya su ne masu kwana kallon finafinan Turkiyya suna ihu in jarumi ya harbo mutum daga kan doki. Ku ya kuke yi da su?

Maharbi_Zazzau:
Hhh Sarkin Baka ranka ya daɗe. Kar ka ga laifinsu malam, a ƙasar Hausa duk wanda ka gani da baka da kwari to mafarauci ne ko makiyayi ko ɗan sintiri, kuma kibiyar da aka sani mai dafi ce, shi ya sa kwakwalwa ba ta kawo wasa. Ni in an tsokane ni sai in tuna musu a Tabkin Kwatto 1804 mutanen Shehu Usmanu dawakinsu kaɗan ne, maharba ne suka tare dawakan Gobir. In kuma mai gardamar ustazu ne ma ya fi sauƙi, hadisin Uƙba bin Amir na cikin Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya ce ƙarfi shi ne harbi har sau uku, ga maharba 50 na Uhudu kowa ya karanta a islamiyya. Nan take ake canza fuska.

Umman_Yara:
Kai naka da sauƙi wlh. Ni mace ce, ka ƙiyasta abin da ake ce min a ofis. Sai na nuna musu matan Koriya ta Kudu, tun 1988 har 2024 su ke cin zinaren ƙungiyar mata a Olamfik, yanzu daga mita 70 ake harbin fa. Wata ta ce ai waɗancan ba su da aikin gida 😂

Maharbi_Zazzau:
Amma gaskiya masu dariya ba su dame ni kamar sababbin zuwa ba. Mutum zai biyo ka fili yana cika baki wai tun yana yaro yake harbin ƙadangare da gwafa, ya zaɓi baka mafi tauri saboda kar a raina shi, ya ja da ƙarfin hannu maimakon tsokar baya, tsirkiya ta zane masa damtse ya koma gida da shati baƙi ƙirin, sati mai zuwa ba za ka ƙara ganinsa ba. Mafi muni wanda zai ja tsirkiya ya saki ba kibiya a kai, wannan yana iya tsaga bakan gaba ɗaya don ƙarfin ba shi da inda zai tafi sai jikin itacen. Sabo ya fara da baka mai laushi a mita 10, ya ɗaura fata a hannu. Salon Turkawa da suke sha'awa kuma da babban yatsa ake ja da zobe, yatsan sai ya yi kanta kafin a ji daɗi.

Baba_Sintiri:
Ɗana shawara ɗaya, kar ka rataya kwari a kafaɗa ka hau babur a cikin gari, halin tsaron nan ba wanda zai tsaya jin bayanin nishaɗi a shingen bincike. Sa komai a jaka, kuma ka sanar da mai unguwar inda kake harbi, ka duba bayan buhun ba hanyar yara ko dabbobi.

Ɗan_Fagge:
Na gode Baba, za a kiyaye insha Allah. Malam Maharbi shatin nan da ka faɗa wlh yanzu haka yana hannun mai ce min Sarkin Baka, ya biyo ni Asabar da ta wuce. A ina kake samun fatar hannun, ko dukawa za su iya ɗinka min?