Taƙaitawar shawarwari kan jure rashin makusanci

Ga abin da 'yan uwa a nan Kaduna suka faɗa:

1. An haɗu kan cewa kuka ba rashin tawakkali ba ne. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kururuwa da yaga tufafi aka hana.
2. Maƙwabta su kai abinci gidan makoki.
3. Wannan ya fi taɓa ni: bayan kwana 3 an naɗe tabarmi, kowa ya watse, mai takaba kuwa tana da wata 4 da kwana 10 a gabanta. A riƙa leƙa ta, a taimaka da kuɗin makarantar marayu.
4. An rabu kan sadakar bakwai da arba'in, wasu na yi, wasu sun ce bidi'a ce.
5. Idan barci da cin abinci suka gagara tsawon watanni, a ga likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ba abin kunya ba ne.