Da kuɗina a hannu an hana ni sayen littafi, wai saboda ƙasar da nake

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara, kwana uku ke nan abin yana damuna. Akwai wani littafi da nake buƙata don rubutun kammala digiri, na same shi a wani babban shagon intanet, irin wanda ake saukewa a karanta a waya. Na sa katina zan biya, sai aka ce ba a sayar da shi ga mutanen ƙasar da nake. Na zaci katin ne, na ari na yayana, duk kanwar ja ce. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shagon a shirye yake ya aiko mini da na takarda, in biya kuɗin aikowa in jira makonni. Ta yaya wanda za a ɗoro a jirgi ya halatta, wanda zai sauka cikin minti ɗaya ya haramta? Ƙawata ta ce in kunna VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake a intanet, in sa adireshin Amurka, wani kuma ya turo mini inda ake sauke shi kyauta. Ni ba na son cin haƙƙin marubucin, so nake in biya. Yaya zan yi?

Tsohon ma'aikacin ɗab'i:
Wa'alaikumus salam. 'Yata, katinki lafiyarsa ƙalau, kuma ba ke aka tsana ba. Marubuci sau da yawa ba ya sayar da haƙƙin littafinsa a dunƙule, yanka shi ake yi yanki yanki. Wani kamfani ya ɗauki Amurka da Kanada, wani ya ɗauki Birtaniya da ƙasashe renon Ingila, masu fassara su ɗauki nasu harshen. Irin cinikin da ake ƙullawa ke nan duk watan Oktoba a baje kolin littattafai na Frankfurt a Jamus. To, bugun da kika gani na kamfanin da bai sayi yankinki ba ne, in shagon ya sayar miki an karya yarjejeniya.

Batun na takarda kuwa, shi kaya ne. Da zarar shago ya saye shi ya zama nasa, ana kuma ɗaukan cinikin a inda shagon yake. Har Kotun Ƙolin Amurka ta taɓa zama a kan makamancin wannan a 2013, a shari'ar Supap Kirtsaeng, ɗalibi ɗan ƙasar Tailan da danginsa ke aiko masa bugun kamfanin Wiley mai araha yana sayarwa a Amurka, kuma shi ya yi nasara. Na waya ba haka yake ba. Lasisin karantawa ake ba ki, cinikin kuma ana lissafa shi a inda ke mai saye kike zaune. Wannan tsari an gina shi tun zamanin da littafi ke tafiya a jirgin ruwa, kuma ni a ganina ya daɗe da tsufa. Yana cutar da marubutan da aka ce ana karewa, tunda ga mai kuɗi a ƙofa an mayar da ita.

Ma'aikaciyar laburare:
Baba ya gama bayani. Ƙanwata, kafin komai ki nemi littafin da sunan marubucin, kada ki tsaya a shafin da kika fara gani. Littafi ɗaya yakan fito da bugu biyu, na Amurka da na Birtaniya, kowanne da lambar ISBN ɗinsa (lambar shaidar da ake ba kowane bugun littafi) da bangonsa, wani lokaci har sunan yakan bambanta. Sau da yawa ɗayan a buɗe yake gare ki. Ki duba Kobo da Google Play Books da shafin kamfanin ɗab'in kansa, don abin da wani shago ya rufe wani yakan bar shi a buɗe. Kuma tunda na karatu ne, ki leƙa laburaren makarantarku ki tambaya ko yana cikin rumbunan littattafan intanet da suke biya wa ɗalibai.

Wani matashi:
Anti, ni dai VPN ɗin nan nake yi, in sayi katin sayayya na shagon (gift card) in biya da shi, shi ke nan. Marubuci ya samu kuɗinsa, ni na samu littafina, wa aka cuta?

Ma'aikaciyar laburare:
Na fahimci hujjarka, kuma ban haɗa ka da mai saukewa kyauta ba. Amma ka faɗa mata haɗarin. Shagunan ba adireshin intanet kaɗai suke dubawa ba, suna duba ƙasar katin da ƙasar da aka buɗe asusun. Ba da adireshin ƙarya ya saɓa wa sharuɗɗan da aka amince da su, suna da ikon rufe asusun, kuma littattafan da ke da makullin DRM, wato makullin hana kwafa, a ɗaure suke da asusun nan. Ka tuna a 2019 da Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan da mutane suka saya sun daina buɗewa, kuɗi aka mayar musu. Wannan fa masu bin ƙa'ida ne. Wanda aka rufe wa asusu don ya karya sharaɗi, da wane baki zai nemi haƙƙinsa?

Wata mazauniyar Turai:
Kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Tarayyar Turai ta yi dokar hana nuna bambancin ƙasa a cinikin intanet a 2018, amma ba ta tilasta wa masu sayar da littattafan waya su buɗe wa kowa ba. Mu nan Jamus har Project Gutenberg, mai raba tsofaffin littattafai kyauta, ya rufe mana ƙofa daga 2018 zuwa 2021, saboda wasu littattafan da haƙƙinsu ya ƙare a Amurka bai ƙare a nan ba.

Tsohon ma'aikacin ɗab'i:
Na manta abu ɗaya. Wani lokaci kamfanin yana da haƙƙin duniya baki ɗaya, ma'aikaci ne kawai bai saka ƙasarki ba sa'ad da yake cika bayanan littafin. Ki rubuta wa sashen kula da haƙƙoƙi na kamfanin imel, ki sa lambar ISBN da sunan ƙasarki da hoton saƙon da aka nuna miki. Ki tura wa marubucin ma. Masana da yawa sukan aiko wa ɗalibi babin da yake buƙata idan ya roƙa da ladabi.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Anti, na bi shawararki, ashe akwai bugun Birtaniya mai wani bango daban, kuma wannan ya yarda in biya. Sai dai bugu na biyu ne, malamina kuma na uku ya ce a yi amfani da shi, akwai sabon babi a ciki. Na sayi na biyun don in fara aiki. Baba, na rubuta wasiƙar, zan turo maka ka duba mini kafin in aika wa kamfanin da marubucin gobe in sha Allahu.