In sayar da babur ɗina in sayi kyamara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Kano, ina ɗaukar bidiyon masu sana'ar gargajiya da wayata ina sakawa a YouTube: masu rini a Ƙofar Mata, dukawa, maƙera. Wata tara ke nan, mabiyana 640, ko kwabo bai shigo ba. Kuɗin data da ɗan abin da nake miƙa wa dattawan da na ɗauka duk daga aljihuna suke fita. Yanzu zuciyata na raya min in sayar da babur ɗin da nake kai kaya da shi in sayi kyamara. Abin da ke ci min rai shi ne dattawan nan tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu kuma ba su gaji sana'ar ba. Me kuka gani?

Wani mai tace bidiyo, Kaduna: Wa alaikumus salam. Ƙanena, rufa wa kanka asiri, babur ɗin nan shi ke ciyar da tashar. YouTube ba zai fara raba maka kuɗin talla ba sai ka haɗa mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Bayan nan za su aiko maka lambar tantancewa ta gidan waya, kuma sai kuɗin ya cika dala 100 kafin ya faɗo. Na kalli naka na marina. Hoton ba laifi, sautin ne ya kashe shi: ƙarar masu bugu ta danne maganar dattijon, ban ji abin da ya faɗa kan baba da toka ba. Ɗan makirifo na maƙalawa a riga kake buƙata.

Wata 'yar'uwa, Damagaram: Malam, kuɗin talla ya danganta da ƙasar da mai kallo yake. Kallo daga Faransa ko Amurka ya fi namu tsoka nesa ba kusa ba, kuma su masu son rini ne. Sa fassara a ƙasan bidiyon. Ta Faransanci ni zan yi maka kyauta, kakana marini ne.

Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari: Yaro, kun zuba wa Turawa ido mu ga mu a kusa. Masu shadda da yadi a nan suna biyan masu barkwanci su tallata musu kaya, balle kai da aikinka ya shafi tufafi. Amma ka zo da shaidar yawan masu kallonka da garuruwansu, ɗan kasuwa ba ya sayen kifi a ruwa.

Wani memba: Gidauniyar Tony Elumelu tana ba da jarin dala 5,000, a watan Janairu ake buɗe nema. Sai dai tsarin kasuwanci suke dubawa, ba kishi kaɗai ba. Kuma kada ka sayi mabiya na bogi, ba sa kallo. Waƙar wani ma ka guje ta, mai ita ne zai kwashe kuɗin.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, babur ya tsira. Gobe zan leƙa kasuwar waya ta Farm Centre in duba makirifon. Alhaji, in sha Allah ranar Asabar ina tafe Kwari. Hajiya, wanne zan fara turo miki, na marina ko na dukawa?