Don Allah a ba ni shawara: horar da malamai kan maikurokwantirola ta intanet

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin damuwa. Ni malami ne a sashen lantarki na wata kwalejin fasaha. Da PIC16F877A, wata maikurokwantirola (wato 'yar ƙaramar kwamfuta a cikin cip guda da ke sarrafa na'urori), aka koya mana tun muna ɗalibai, da shi na haɗa fitilar ba da hannu ta kan titi a aikin kammala karatuna, har mai duba aikin ya yaba. Harshen C na rubuta shirin kwamfuta kuwa da kaina na koya a MPLAB, manhajar rubuta wa PIC shiri, a kwamfutar abokin da muke haya tare, cikin dare idan ya yi barci. To yanzu shugaban sashe ya ɗora mini horar da malaman makarantun fasaha, su ma su je su koyar da ɗalibansu, kuma wai duk daga nesa za a yi. Mun fara da PIC ɗin ta Zoom. Da yawa sun daina shiga, waɗanda ke shiga kuma ko na yi tambaya sai shiru. Ina mafita?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. PIC ɗin ne ya kore su. Koma Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ke zuwa a haɗe da tasa maikurokwantirolar. PIC sai da wata na'ura daban, PICkit, kafin ka tura masa shiri, Uno kuwa wayar USB kawai yake so. Akwai ƙaramar fitila a jikinsa haɗe da fil na 13, tun ranar farko mutum zai ga ta kama ta mutu da umarninsa. A saya wa kowa nasa, a aika ta tasha. Ba a koyon wannan sana'a da kallo.

Wata malama daga Gombe: Injiniya, wa zai biya? Ni da Tinkercad nake koyarwa, shafin intanet ne mai kwaikwayon Arduino, kyauta ne, mutum ya jona wayoyinsa ya rubuta shirinsa a allon kwamfuta. Wokwi ma irinsa ne, yana da wasu alluna kamar ESP32 da Pico.

Injiniya: Hajiya, a Tinkercad wayar da aka jona ba ta taɓa saki. Ranar da malamin nan ya tsaya gaban aji da Uno ɗan Sin, kwamfuta ta ƙi gane shi saboda babu direban CH340, manhajar da ke sa ta gane allon, me zai ce wa yara? Ko ya zuba wa fil ɗin ESP32 wuta bolt 5 alhali 3.3 yake ɗauka? Na sha gani.

Wani malami: Mu da aka yi wa irin wannan horo bara, kuɗin data da aka yi mana alkawari har yau shiru. Taransifomar unguwarmu ta ƙone, a shagon mai caji nake sauraren darasi, janareto na ihu a kunnena. Sai a ce malamai ba sa son ci gaba.

Ɗan uwa daga Maraɗi: Malam, bar Zoom. Ɗauki gajerun bidiyo ka tura ta WhatsApp, kowa ya kalla idan ya samu sabis. Akwai SimulIDE, manhajar kwaikwayon haɗin lantarki a kwamfuta, kyauta ne, ba ya buƙatar intanet, kuma yana da PIC. Amma tukuna, su malaman suna da kwamfuta kuwa?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Sai dai ba zan bar PIC ba. Wanda ya fara da Arduino kwafar shirin wasu zai riƙa yi, bai san abin da ke faruwa a cikin rajista ba, wato 'yan ma'ajiyoyin da ke sarrafa aikin cip ɗin, kuma ni malamai nake horarwa. Zoom ɗin ma shugaba ne ke son sunayen waɗanda suka halarta.

Injiniya: Ai maikurokwantirola ce, ATmega328P, a cikin Uno, duk rajistocinsa suna nan, ka koyar da su daga baya. Ka fara riƙe mutanen tukuna.

Ɗan uwa daga Maraɗi: Malam, maganar kwamfutar fa?

Mai tambaya: Injiniya, kayan da ke ɗakin gwajinmu duk na PIC ne, an riga an saya. Wani mai wata shawarar?