Karatun nesa ya fara yi mini nauyi, wa zan tunkara?

Maman Haidar: Salamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Zangona na uku ke nan ina karatun digiri daga nesa, amma tun watan jiya na kasa buɗe littafi. Ayyuka biyu lokacin miƙa su ya wuce. Da dare sai in zauna gaban kwamfuta in ƙura mata ido har ƙarfe ɗaya, ko layi ban rubuta ba. Wani lokaci ma sai in ga hawaye na zuba ba dalili. Jami'armu ta ce tana da sashen tallafa wa ɗalibai, ban sani ba ko suna sauraron irin wannan, ko na masu matsalar rajista ne kawai. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Nura: Wa alaikumus salam Anti. Ni agogo ne ya cece ni. Minti 25 karatu, minti 5 hutu, in kin yi zagaye huɗu sai ki yi dogon hutu. Pomodoro ake ce wa tsarin, wani ɗan Italiya mai suna Francesco Cirillo ne ya fito da shi. Ki gwada yau da dare.

Malam Auwalu: Nura, agogon naka yana da amfani, amma ba lokaci ta ce ta rasa ba. Tana zama har ƙarfe ɗaya fa. Maman Haidar, sannu. Ni digirina na biyu daga nesa na yi shi, kuma sai da na ɓata kusan shekara kafin na gane cewa masu taimakon nan ba mutum ɗaya ba ne. Malamin kwas shi ke da ikon ƙara miki lokacin miƙa aiki, ko ya nuna miki wanda ke da ikon. Shi za ki fara rubuta wa, yau ba gobe ba. Jagora kuma daban, wani ne da ya riga ki bin hanyar, malami ko tsohon ɗalibi, wanda zai zauna da ke ku duba kwas nawa kika ɗauka da yadda za ki raba su. Zancen hawaye da rashin barci kuwa ba hurumin ɗayansu ba ne, na masanin halayyar ɗan'adam ne. Yawancin sashen tallafin da kika gani shi ne ƙofar shiga wajen duka ukun.

Hajiya Rabi: Ƙanwata, ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in tambaye ki kai tsaye. Kwana nawa kina cikin wannan halin? Barci da cin abinci fa? Abubuwan da a da kike jin daɗinsu, har yanzu kina ji?

Maman Haidar: Ya kai mako biyar, Hajiya. Barci sai dai in ɗan runtsa. Ko hira da yara ba na iya yi, ƙaramin abu sai in hau su da faɗa.

Hajiya Rabi: To wannan ya wuce gajiyar karatu. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira ciwon damuwa shi ne ƙuncin rai ko rashin sha'awar komai da ya riƙe mutum kusan kullum, yawancin yini, har aƙalla mako biyu. Ban ce shi gare ki ba, daga nesa ba a yanke wannan hukuncin. Akwai wata takardar gwaji da ake kira PHQ-9, tambayoyi tara ne kan yadda kika ji a mako biyun da suka wuce, maki daga 0 zuwa 27. Wanda ya samu 10 ko fiye ana so ya ga ƙwararre. Masu ba da shawara na jami'o'i da yawa da ita suke farawa. Sannan ki je asibiti a duba jininki, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo su ma suna kawo kasala irin wannan. Abu ɗaya da ba a jiran amsar imel a kansa: in tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ki faɗa wa na kusa da ke a take, ku tafi asibiti mafi kusa a ranar.

Maman Haidar: Alhamdu lillahi bai kai nan ba. Na gode da kika tambaya ba kunya.

Zainab: Ni fa sashen tallafin nan ya ba ni haushi da farko. Imel uku na tura, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Sai wata ta ce in daina turawa babban akwatin da kowa ke turawa, in cike fom ɗin neman ganawa da ke shafin ɗalibai, in kuma bi da kiran waya. Cikin kwana huɗu aka ba ni lokaci. Ganawa shida muka yi ta waya, ban ma kunna kyamara ba. Matar ba nasiha ta yi ta yi mini ba. Ta sa na riƙa rubuta tunanin da ke zuwa mini duk lokacin da na buɗe littafi, irin su "ni ba ni da ƙwaƙwalwar karatu", sai mu zauna mu bincika ko gaskiya ne. CBT suke kiran salon. Na raina shi a makon farko, wallahi, amma ya yi aiki. Kafin ki fara ki tambaye su ganawa nawa aka ware wa ɗalibi ɗaya, da kuma inda za su tura ki in ta ƙare.

Maman Haidar: Tsorona kada maganar ta kai ga malamai, su riƙa yi mini wani kallo.

Zainab: Ƙa'idar aikinsu ita ce riƙe sirri, abin da kika faɗa ba ya shiga takardar sakamako. Iyakarsa in ranki ko na wani yana cikin haɗari. Ki ce su karanta miki ƙa'idar a zaman farko, haƙƙinki ne.

Alhaji Sale: Ku yi haƙuri in kawo nawa ra'ayin. Likita na yarda da shi. Amma jagoran nan, aka haɗa ni da yaron da a haife na haife shi, wai shi zai nuna mini hanya. Me zai faɗa mini game da haɗa aiki da iyali da karatu?

Malam Auwalu: Ranka ya daɗe, ba rayuwa zai koya maka ba, makarantar zai koya maka. Wane kwas ne ba a haɗa shi da wane a zango ɗaya, yadda ake neman jingine zango ba tare da an rasa gurbi ba, wane malami ne ke amsa saƙo da wuri. Tafiya da gwani mai daɗi, ko da gwanin ɗan cikinka ne. In kuma jininku bai haɗu ba, ana canzawa, ka ce a ba ka mai iyali irinka. Kuma wannan ba sabon abu ba ne. Jami'ar Afirka ta Kudu ta fara koyarwa ta wasiƙa tun 1946. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969 ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1971, duk da darussan da BBC ke watsa mata ta rediyo da talabijin, sai da ta haɗa kowane ƙaramin rukunin ɗalibai da malami nasu, don ta san allo ba ya tambayar mutum me ya same shi. Wani masani, Michael Moore, tun shekarun 1970 yake cewa nisan da ke wahalar da ɗalibi ba na hanya ba ne, na ƙarancin magana tsakaninsa da malaminsa ne. Vincent Tinto ma a 1975 ya nuna cewa ɗalibin da bai ji ya shiga cikin jama'ar makaranta ba shi ya fi saurin ajiye karatu. Mu da ba ma haɗuwa a aji, mu abin ya fi shafa.

Alhaji Sale: To, na ji. Zan nemi a canza mini shi in gani.

Nura: Tunda an ƙi agogona, ga wata. Anti, ki kashe sanarwar babban zauren WhatsApp na ajinku. Mutum ɗari uku, kowa na yaɗa jita-jitar ranar jarrabawa, hawan jini kawai. Ki samu mutum uku ku ware awa ɗaya a mako, kowa ya buɗe littafinsa ana kan layi, ko magana ba sai an yi ba.

Zainab: Wannan kam ka yi gaskiya.

Maman Haidar: Malam, me zan rubuta wa malamin kwas ɗin? Kunya nake ji, aikin ya wuce da kwana goma sha biyu.

Malam Auwalu: Layi huɗu ya isa. Sunanki da lambarki, sunan kwas, ki ce rashin lafiya ya hana ki miƙa aiki kaza, kina neman ƙarin lokaci zuwa rana kaza, kuma kin tuntuɓi sashen tallafi. Ba sai kin zayyana masa komai ba. Ki sa ranar da za ki iya cikawa, ba wadda za ta burge shi ba.

Maman Haidar: Na tura yanzu. Fom ɗin ma na cike, sun ba ni Alhamis ƙarfe huɗu.

Hajiya Rabi: Madalla. In kin gama ranar Alhamis ki yi mini magana ta gefe. In ma kin kasa ɗaga wayar tasu, ki yi mini maganar duk da haka.